Daga Zauren Gidanmu Zuwa Kasuwar Nnewi: Tafiyar Neman Fistin Biyu

A kusurwar zauren gidanmu na gado, bayan wasu tsofaffin buhuna da karyayyen gadon ƙarfe, akwai babur ɗin da ya shekara talatin bai motsa ba. Honda ne ƙirar CD175, baƙi, mai salansa biyu. Mahaifina ya saye shi a 1975 da kuɗin ariyas na Udoji, wato ƙarin albashin nan da gwamnatin Janar Gowon ta yi wa ma'aikata bisa shawarar kwamitin Jerome Udoji, wanda ya sa malaman makaranta da akawuna da 'yan sanda suka wayi gari da kuɗin da ba su taɓa riƙe irinsa ba. Wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi rediyo mai kaset da fanka. Baba, wanda a lokacin malamin firamare ne a ƙauye, ya ce shi ya gaji da taka keke cikin yashi.

A kan tankin babur ɗin nan na fara ganin duniya. Ina gaba na riƙe murfin tanki, yayana yana baya ya ƙanƙame rigar Baba, ƙamshin fetur da turaren ɗan goma suna dukan hancina. Tun daga bakin layi Inna take gane ƙugin injinsa, ta ce a shimfiɗa tabarma maigida ya dawo. A 1994, shekarar da aka yi ta kwana a layin mai, wani abu ya lalace a cikin injin. Kuɗin gyara ya fi ƙarfin albashin da tsarin SAP ya riga ya cinye darajarsa tun daga 1986. Baba ya tura shi zaure ya ce sai ƙarshen wata. Ƙarshen watan bai zo ba har ya yi ritaya.

Shekara biyu da suka wuce Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma magana ta yi masa nauyi ƙwarai. A yini guda da ƙyar zai haɗa kalma biyar. Da muka tashi gyara zauren don keken guragunsa ya riƙa wucewa, sai ƙannena suka kira 'yan gwangwan su auna babur ɗin su biya kuɗin ƙarfe. An fito da shi tsakar gida, ƙura ta rufe shi, ɓeraye sun cinye soson kujerarsa. Baba yana zaune a inuwa yana kallo. Da yaron ɗan gwangwan ya kama ƙahon babur ɗin, sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya girgiza yatsa. A nan take na sallami masu awo, na kuma furta abin da ban yi shawara da kowa ba, har da kaina: na ce zan tayar da shi.

Mai karatu ya kamata ya san ko wane ne ya yi wannan alkawari. Na yi shekara goma sha bakwai ina koyarwa a jami'a, ina da digirin digirgir a fannin tarihi, na rubuta maƙaloli a kan maƙera da dukawa da majema na ƙasar Kano. Amma har zuwa ranar nan ban san bambancin sifana mai lamba goma da mai lamba goma sha biyu ba sai na karanta abin da aka zana a jikinsu. Don haka na nemi tsohon bakaniken Baba, wanda yanzu ya haura saba'in, idonsa ɗaya ya yi yana, ya bar wa 'ya'yansa rumfar suna gyaran Boxer da A Daidaita Sahu. Da na gaya masa buƙatata sai ya yi dariya har da tari.

"Dakta, ni idona ya tafi, kai kuma hannunka bai zo ba. To mu haɗa, ni in faɗa, kai ka yi."

Haka muka yi wata bakwai, duk Asabar bayan sallar la'asar. Na koyi jiƙa noti da kananzir kafin a murɗe shi, da jera kowane ƙarfe a kan buhu bisa tsarin da aka kwance shi, da wanke kafireta da fetur da tsinken waya. Na goge tsatsar tanki da samfefa har fatar yatsuna ta saɓule. CD175 inji ne mai silinda biyu da kafireta ɗaya da giya huɗu, wutarsa bolt shida ce, ba goma sha biyu irin ta baburan yau ba. Kamfanin ya ƙera shi daga 1967 zuwa 1979, don ma'aikacin da ke son abin hawa mai haƙuri. Sauƙin ƙirarsa ne ya sa ɗan koyo irina ya iya bin sawunsa.

Matsalar tana cikin silinda. Ruwan damina da ya riƙa ɗiga ta rufin zaure ya sami hanya ta ramin fulogi, fistin biyun suka kafe da tsatsa. Mako uku muna zuba musu gas da man birki, muna ɗora guntun itace muna bugawa a hankali da guduma, kafin su saki. Da suka fito, bangon silindar ya yi ramuka kamar fuskar mai zanzana. Mai injin gurza ƙarfe ya auna ya ce faɗin ramin na asali milimita 52 ne, sai an gurje rabin milimita kafin ya yi santsi, kuma ba zai taɓa ƙarfen ba sai na kawo masa sababbin fistin masu ƙarin 0.50 da zobbansu, domin da su ake auna gurzar. Rabin milimita, kaurin farce, shi ya tsayar da aikin wata huɗu.

Na taka Ƙofar Ruwa layi-layi. Na shiga shagunan kayan babur na Sabon Gari da Fagge. Na je Fanteka a Kaduna, inda aka ce ko jirgin sama ka kai za a ƙera maka fiffikensa. Ko'ina amsa ɗaya ce: kasuwa ta koma ta baburan Indiya da Sin, wa zai ajiye kayan babur ɗin da aka daina yi tun kafin a haifi mai shagon? Daga ƙarshe wani ɗan kasuwa Ibo a Sabon Gari ya juya tsohon fistin a tafin hannunsa, ya ce ubangidansa da ya yaye shi yana nan da rai a Nnewi, kuma ba ya zubar da komai. Ya ce dattijon ba ya ciniki a waya, ba ya aika kaya ta mota ga wanda bai gani ba. Ya rubuta mini sunan layi da lambar rumfa a bayan rasit.

Sai Allah ya kawo taron masana tarihi a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, tafiyar da ba ta fi awa guda da 'yan mintoci ba zuwa Nnewi. Iyalina ba su so ba, kuma ban ga laifinsu ba. Kowa ya ji labarin matafiya 'yan Arewa da aka tare a hanyoyin yankin, da dokar zaman gida ta ranar Litinin da 'yan awaren IPOB suka ƙaddamar a watan Agustan 2021. Uwargida ta ce, "Yanzu saboda gwangwani za ka kai kanka?" Na ce taro zan je. Ta dubi tsohon fistin da na naɗe a tsumma ina cusa shi cikin jaka, ba ta ƙara cewa komai ba.

Mun bi ta Zariya da Kaduna da Abuja, muka haye Kwara a gadar Murtala kafin Lakwaja, muka sake haye ta a Itobe bayan Ajakuta. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Kuka da dorawa suka ɓace, kwakwar manja ta mamaye gefen hanya, ƙasa ta yi ja wur, iska ta yi nauyi da laima. Shingayen jami'an tsaro suka yawaita har na daina ƙirgawa. A Obollo Afor muka tsaya cin abinci, na ji Hausa tana tashi daga rumfunan masu shayi da direbobin tirela, na yi alwala a gefen wata mota da ta ɗauko albasa daga Arewa. Duk inda ka je a ƙasar nan sai ka tarar wani naka ya riga ka, ya kafa tebur.

Ranar Alhamis, bayan na gabatar da maƙalata, na cire babbar riga na bar hula a kaina, na hau ƙaramar bas zuwa Nnewi. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne mata a kan babur. 'Yan mata da iyaye da tsofaffi masu furfura, wata da kwandon doya a baya, wata da yara biyu cikin kayan makaranta, wata da jakar ofis, kowacce tana murza totur ba ruwanta da kowa. A garin nan ƙaramin babur kayan gida ne kamar turmi. Na tuna Kano, inda aka hana acaɓa a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, har kunne ya manta da irin wannan gunji.

Sunan kasuwar Nkwo, ɗaya daga ranaku huɗu na makon Ibo: Eke, Orie, Afor da Nkwo. Asalinta kasuwar ƙauye ce mai ci sau ɗaya a kwana huɗu; yau tana ci kusan kullum, kuma ɓangaren kayan babur kaɗai gari ne. Layi guda sarƙa da haƙoranta ne zalla, wani layin fitilu da madubai, wani tayoyi an jibge su har rufi. Masu baro suna ihun a ba su hanya, samari suna ɗinke kwalaye da zaren buhu suna rubuta inda za su da jan fenti. Na tsaya na karanta: Kano, Maiduguri, Sakkwato, Marwa, Yamai. Wataƙila fulogin da ke cikin babur ɗin mai kai maka ruwa a Kurna ta wannan layi ya bi. A wata rumfa na ga yara uku sun zazzage kwali, cikin ɗan lokaci sun haɗa sabon babur sun tayar da shi.

Garin yana da unguwanni huɗu na asali: Otolo, Uruagu, Umudim da Nnewichi. Sarkinsu, Igwe Kenneth Orizu na Uku, ya hau gado a 1963, shekarar da Ado Bayero ya zama Sarkin Kano. Nan ne mahaifar Sa Louis Odumegwu Ojukwu, attajirin da ya yi arziki da motocin sufuri tun zamanin Turawa. Ɗansa Emeka, wanda aka haifa a Zungeru, shi ke riƙe da bataliya ta biyar a Kano lokacin juyin mulkin Janairun 1966, shi ya jagoranci Biyafara, kuma a garin nan aka binne shi a 2012. Da yaƙi ya ƙare a 1970, fam ashirin aka bai wa masu ajiya a banki da yawa, komai yawan abin da suka bari. Daga wannan toka mutanen Nnewi suka kama cinikin kayan gyara. Suka fara saro na Japan, suka koma na Taiwan, a shekarun 1980 kuma wasunsu suka sayo injunan da kansu suka fara ƙerawa a gida. Innocent Chukwuma, mai kamfanin motoci na Innoson, da cinikin kayan babur ya fara a wannan kasuwa.

Na sami rumfar a ƙarshen wani lungu. Dattijon yana zaune a kujerar roba da singileti da carbin Katolika a wuya. Na gaishe shi da Turanci. Ya dubi hulata, ya amsa da Hausar da ta fi ta wasu ɗalibaina tsabta.

"Malam, sannu da zuwa. Daga Kano? Yaya Fagge, yaya Kantin Kwari? Zauna ka sha ruwa tukuna, baƙo ba ya ciniki da ƙishirwa."

A Sabon Gari aka haife shi. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya a 1966 wani maƙwabcinsu Bahaushe, mai sayar da itace, ya ɓoye shi da uwarsa kwana biyu a ɗakin matarsa, sa'annan ya raka su tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa bai iso tashar ba. Bayan yaƙi ya koma Kano ya yi shekaru yana sayar da kayan Honda da Suzuki, sai rikicin watan Oktoban 1991 ya cinye shagonsa, ya tattara abin da ya rage a sito ya dawo gida. Ya faɗi duk wannan da murya ɗaya, kamar mai karanta lissafin kaya. Ni da nake koyar da waɗannan shekaru a aji, da jadawali da sunayen hafsoshi, na rasa abin cewa sai "Allah ya kiyaye gaba." Ya ce amin.

Na kwance tsumma na miƙa masa fistin. Bai nemi ma'auni ba. Ya shafa kansa da babban yatsa ya ce, "Wan-sebin-fayif. Babur ɗin hedimasta." Ya kira wani yaro da yarensu, muka bi shi zuwa wani ɗaki a bayan kasuwa mai ƙofar ƙarfe. Ciki duhu da warin tsohon girisi, kwalaye har sama, wasu gara ta ci gindinsu. Kusan awa biyu yaron yana sauke kaya da fitilar waya, dattijon yana tsaye a ƙofa yana ba shi kwatance daga ƙwaƙwalwarsa. Aka fito da fistin masu ƙarin 0.25, ba su yi ba. Aka fito da na wani ƙirar. Rigata ta jiƙe sharkaf, na fara tsara yadda zan gaya wa Baba. Can sai yaron ya miƙo wasu ƙananan kwalaye biyu da suka yi laushi don tsufa. A cikin takarda mai maiƙo ga fistin biyu suna ƙyalli, an buga 0.50 a kan kowanne, ga zobbansu ba a taɓa buɗewa ba.

"Daga Kano na zo da su," in ji shi. "Suna cikin abin da wuta ba ta ci ba. Ka ga ashe jiranka suke yi su koma gida."

Kada mai karatu ya zaci kyauta ya ba ni. Ɗan kasuwa ne, ya san na yi tafiyar kwana guda da yini, ya san babu wani wurin da zan je. Ya yanka kuɗi, na yi salati, muka yi ta ja har muka daidaita a kan abin da ya kusa kuɗin jirgin da na ƙi hawa don tsimi. Bayan na biya ne ya ɗora mini kwantak da gasket a kai, ya ce gyara ce, a gaida Malam. Sa'annan ya sa yaron ya raka ni har tasha, ya kuma gargaɗe ni in bar gari kafin magariba.

A hanyar tasha na tambayi yaron labarinsa. Shekararsa ta biyar ke nan a hannun dattijon. Ba a biyansa albashi. Ci da sha da wurin kwana ne, da koyon inda ake saro kaya da yadda ake gane jabu da yadda ake riƙe abokin ciniki. In ya cika shekarun da aka yi alkawari da iyayensa, ubangida zai sallame shi da jari da shago. Suna kiran tsarin igba boi. Cosmas Maduka na kamfanin Coscharis, ɗan garin nan, ta wannan hanya ya fara. Tsarin yana da nasa zalunci, domin akwai iyayen gidan da kan ƙulla wa yaro sharrin sata ana gab da sallama don su tsere wa alkawari. Duk da haka ya ba ni abin tunani. Mu ma muna da barantaka a Kwari da Singa da Dawanau, muna da yaran maƙera da na gareji. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne wa'adi sananne da sallama da jari. Sau nawa muka ga mutum ya yi furfura yana yaron shago? 'Ya'yan tsohon bakanikenmu sun gaji rumfa, amma ba su gaji abin da ke kansa ba, domin babu mai kawo irin wannan aiki, kuma babu wanda ya ga dalilin tambaya. Mu kuma a jami'a muna yaye dubbai duk shekara, muna yi wa mai baƙin mai a riga kallon wanda karatu ya ƙi. Wata bakwai a gaban dattijo mai ido ɗaya sun nuna mini cewa abin da yake yi bincike ne: ya saurara, ya yi zato, ya gwada, ya jefar da zaton in bai yi ba. Da ya mutu kafin in zo, da wannan ilmi ya bi shi kabari, ni kuwa ina ofis ina rubutu a kan maƙeran ƙarni na goma sha tara.

Da na dawo, aka gurje silinda, muka ɗaura. Na karya zobe ɗaya garin gaggawa, na zauna dirshan a ƙasa kamar wanda aka yi wa rasuwa, sai dattijon ya lalubo cikin kwalin ya ce Inyamurin nan ya san halin ɗan koyo, ya saka saiti na uku. Batir mai bolt shida ma sai da aka yi cigiya. Ranar wata Juma'a da yamma muka turo babur ɗin tsakar gida, aka fito da Baba inuwa. Na buɗe mai, na ja cok, na taka kik. Shiru. Na taka har sau goma sha ɗaya, gumi yana zuba, yara suna dariya. Dattijon ya ce in sassauta totur, ina shaƙe shi da mai. A bugu na goma sha biyu ya yi tari, ya tofar da hayaƙi shuɗi, sa'annan ya kama, da ƙugin nan mai kauri na silinda biyu da ban ji ba tun ina aji uku na sakandare.

Inna ta fito daga ɗaki da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa. Baba ya karkata kai yana saurare, ido a rufe. Ya daɗe a haka. Can ya buɗe ido ya yafito ni, na kashe injin na durƙusa kusa da bakinsa. Na zaci albarka zai sa mini. Da ƙyar ya haɗa kalmomin:

"Silo... ya yi sama."

Bakaniken ya tuntsire da dariya ya ce wallahi gaskiyar Malam ce, tun 1975 haka yake fama da shi a kan silo. Ya miƙo mini sukudireba. Na rage, na sake tayarwa, Baba ya gyaɗa kai.

Har yanzu ban wuce kilomita arba'in a awa da shi ba, domin sababbin zobba suna son a bi su a hankali kafin su zauna. Duk Asabar nakan zagaya unguwa da shi in dawo in tsaya a ƙofar zaure in bar shi yana aiki minti biyu, don mai gidan ya ji. Na aika wa dattijon Nnewi hoton babur ɗin ta hannun yaronsa na Sabon Gari, tare da ƙullin kilishi. Saƙon da ya dawo shi ne in riƙa canza baƙin mai a kan kari, kuma akwai sauran kafireta guda a sito in ta Malam ta gaji.